Sunan Ya Kaltum a Tsakiyar Kogi

Ni ne na ce wa Ya Kaltum ta kwantar da hankalinta. Da bakina na faɗa, a tsakar gidana a Azare, wata Juma'a da yamma, matata Juwairiyya tana zaune tana ji. Na ce, "Gonarki tana cikin kwamfuta, Ya Kaltum. Ruwa ba ya shiga kwamfuta." Har da 'yar dariya na yi, don Allah ya yi ni da son a ga na iya.

Ya Kaltum 'yar wan mahaifin Juwairiyya ce. Mijinta Zarami ya rasu a farkon daminar 2007, ya bar ta da 'ya'ya mata uku da gona ɗaya a fadamar ƙauyensu, gaba da Katagum, a bakin kogi. Gonar ba wata babba ba ce, siririya ce, amma albasar da ake cirewa a cikinta ita ke riƙe gidan daga wannan rani zuwa wancan. Tana cikin takaba kogi ya yi ambaliya. Da ruwa ya janye sai fadamar ta koma shimfiɗar yashi, ba shinge, ba dutsen iyaka, ba bishiya. Kogin kuma ya matso ya cinye wani yanki. Gonaki arba'in da ɗaya ne a da, ƙasar da ta rage kuwa ba za ta ɗauki arba'in da ɗaya ba. Dole wasu su rasa. Ƙungiyar manoman ta sa Alhamis mai zuwa za a sake jan iyaka, kowa ya zo da shaidarsa.

Ita ba ta da shaida. Zarami ne mai zuwa gona, ita abinci take kai masa. Ta san maƙwabtansu Jalo da Sha'aban ne, ta san akwai kanya a kusurwa. Kanyar ta bi ruwa. Jalo da Sha'aban sun ce tata gonar ta fi karkata bakin kogi, ruwa ya tafi da ita. Ita kuma ta ce gonar ta ratso tsakaninsu har gindin kanyar. Taswirar da ƙungiya ta ajiye a ɗakin injin ban-ruwa ta kwana tara a cikin ruwa, ta zama kunu. Shi ne ta tuna mijin ƙanwarta ne ya zana taswirar, ta shiga mota ta zo.

Sunana Babayo, zanen taswira ce sana'ata. Shekara goma sha tara na yi ina jan rula a kan allo kafin kwamfuta ta zo ta same ni da furfura, na koye ta ina gunaguni. Ubangidana Alhaji Babakura ɗan safiyo ne, mai auna filaye, ofishinmu ɗaki biyu a bayan kasuwa. A 2004 ƙungiyar su Zarami ta samu tallafin gina magudanan ban-ruwa, aka ba mu aikin. Alhaji ya hayo na'urar awo daga Bauchi, irin mai zuba lambobinta kai tsaye cikin kwamfuta, ya yi mako uku a fadamar yana auna gona bayan gona. Ni kuma na zauna a Azare na zana magudanai, na ja bakin kogi, na rubuta sunan kowane mai gona.

Sai na bayyana yadda muke aiki, don a nan abin ya ɓaci. Kwamfuta biyu muke da su, tasa da tawa, waya ta haɗa su ta ƙarƙashin ƙofa. Fayil ɗin awo, mai ɗauke da iyakoki da duwatsu da bishiyoyi, a tasa yake zaune. Nawa zanen ba ya ɗauke da awon, adireshinsa kawai yake riƙe. Duk lokacin da na buɗe shi sai ya bi waya ya leƙa kwamfutar Alhaji, ya aro iyakokin ya shimfiɗa su a ƙarƙashin layukana, ka rantse abu ɗaya ne. 'Yan sana'a suna ce masa ekseref, ni aro nake ce masa. Amfaninsa a fili yake: in Alhaji ya gyara dutse ɗaya da safe, da na sake buɗe zanena gyaran ya iso. In aiki ya ƙare kuma sai a ɗaure su wuri ɗaya, aron ya zama naka, ka kai shi duk inda ka ga dama.

Alhaji kuwa mutum ne mai doka. Tun yana saurayi aka taɓa samun kwafi biyu na awonsa suna yawo, tsoho da sabo, magina suka bi tsohon suka haƙa harsashi a filin maƙwabci. Tun daga ranar ya ce awo ɗaya, wuri ɗaya. Ba ya yarda a kwafi fayil ɗinsa, ko ni da muke cin tuwo a kwano ɗaya. Kuma ban taɓa jin ya ce aiki ya ƙare ba. In na ce, "Alhaji, in ɗaure?" sai ya ce, "Bari tukuna, akwai dutsen da ban yarda da shi ba." Allah ya jiƙansa, ya iya aiki, amma ya iya ɗaure wa mutum kai.

Ranar Asabar da safe, bayan na raka Ya Kaltum tasha, na wuce ofis. Na ɗauko faifan da na ajiye zanen fadamar a kansa daga akwati, ga rubutuna a kai da jan biro: Fadama, an gama. Na sa shi ina ɗan waƙa a hanci. Allo ya buɗe. Ga magudanaina nan shuɗɗa, ga kogi, ga sunaye arba'in da ɗaya da ruwan ɗorawa. Iyaka kuwa ko guda babu. Sunayen suna reto a cikin baƙin allo, ba abin da ya raba wannan da wancan. Can a kusurwa ga wani ɗan layin rubutu, adireshin fayil ɗin Alhaji, zanen yana gaya mini inda ya je nema bai samu ba.

Na rufe na sake buɗewa. Na kashe kwamfutar na kunna. Na shiga jerin shimfiɗun zanen, sai ga sunayensu lafiya lau: iyaka, duwatsu, bishiyoyi. Na kunna su na kashe, na sake kunnawa, ba abin da ya motsa a allo. Sunayen shimfiɗun ne kawai suka rage, cikinsu fanko. Sai a lokacin na tuna ranar da muka buga taswirar. Na tambayi Alhaji ko in ɗaure, ya ce bari tukuna. Ni kuma na rubuta an gama, don magudanaina na gama. Shekara uku ina ajiye da wannan faifai a cikin leda, ina kare shi daga zafi, ina ganin kaina mai tsari.

Kwamfutar Alhaji ba ta ofis. Na san ranar da ta fita, don ina tsaye.

Alhaji ya rasu a Maris na 2006, ciwon kwana huɗu. Tun ranar uku na san ya kamata in kwashe fayilolin awo in mayar tawa kwamfutar. Mabuɗin ɗakinsa yana wurin iyalinsa. Na je zaman makoki da filas, ɗan abin kwafar fayil, a aljihu, na zauna a tabarma, na yi addu'a, na tashi da abina. Ranar bakwai ma haka. Yaya za a yi mutum yana kwance bai yi mako a ƙasa ba, ka ce a buɗe maka ɗakinsa za ka ɗebi wani abu? Na ce bari a yi arba'in. Kafin arba'in ɗin ta cika sai ga babban ɗansa Najmuddeen da baffanninsa biyu da malamin da zai raba gado, sun zo kwashe kayan ofis. Najmuddeen yaro ne mai ladabi. Yana cire wayar da ta haɗa kwamfutocin ya ɗago kai ya ce, "Baba Babayo, akwai wani abu naka a cikinta?"

Baffan nan babba ya juyo ya dube ni. Ba mugun kallo ba ne, kallo ne kawai. Amma na ji a jikina yadda maganar za ta fita gari: yaron Alhaji ya ce yana da rabo a kayan marayu. Na ce, "Babu komai, Najmuddeen. Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa muku albarka." Minti biyar aikin zai ɗauka, filas ɗin yana aljihuna. Har ƙofar mota ni na riƙe musu.

Ranar Lahadi na kama hanyar Gamawa, inda Najmuddeen ya buɗe shagon buga takardu. Ya tarbe ni da murna, ya kawo ruwa, ya tambayi mutanen gida. Kwamfutar tana kan tebur an lulluɓe ta da tawul. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya sosa kai.

"Baba, sau biyu aka wanke ta. Bairos ya shiga bara, mai gyara ya goge komai. Da azumi kuma ma'ajiyarta ta mutu gaba ɗaya, aka sa sabuwa."

"Tsohuwar fa?"

"Mai gyaran ya haɗa da tarkace ya kai Kano." Ya ɗan dakata. "Ai na tambaye ka ranar nan, Baba."

"Ka tambaye ni."

"Da ka faɗa, wallahi da na bar maka ita ko wata guda ne."

Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Duk da haka na ce ya kunna. Na zauna na buga sunan fayil ɗin na ce ta nemo, ina kallon ɗan karen nan da kwamfuta ke nunawa in tana nema yana shinshina. Katunan biki ne a ciki da takardun neman aiki. Na nema da rabin sunan, na nema da shekarar. Najmuddeen yana tsaye a bayana har na gaji don kaina.

Litinin na nemi ofishin masu tallafin. Sun tattara tun bara, mai ɗinki ne a shagon. Na bi sawu har na samo tsohon mai kula da sitonsu a gida, ya fito mini da kwali. A ciki na ga faifan da muka miƙa musu, rubutuna a kai. Don murna na manta cewa ni na haɗa shi daga tawa kwamfutar. Na kai ofis na buɗe, fankon nan ne dai, da ɗan adireshin nan a kusurwa. Taswirar takarda kuma wai an aika Bauchi. Talata na yini a kan waya, wannan ya tura ni wurin wancan, na ƙarshe ya ce wanda ya san inda takardun suke an yi masa canjin wurin aiki, in leƙo bayan Sallah. Na ce jibi ake bukata. Ya ce Allah ya ba da sa'a.

Duk kwanakin nan ban aika wa Ya Kaltum ko kalma ɗaya ba. Kullum ina cewa gobe zan samo, in faɗa mata labari ɗaya mai daɗi.

Laraba na zauna in buga abin da ya rage. Tun Asabar na ga inda sunanta yake, amma ban ɗauke shi komai ba, tunda ina zaton iyakokin za su dawo. Yanzu na zuba masa ido. Masu tallafin sun ce sai an ga sunayen mata a cikin aikin, shi ya sa Zarami ya rubuta gonar da sunanta: Kaltum Zarami Bukar. Suna ne dogo, gonar kuma siririya, bai shiga ba. Alhaji ba ya son rubutun da sai an karkata kai ake karanta shi, ba ya kuma son ƙananan baƙaƙe. Sai na ja sunan na ajiye shi a cikin kogi, daura da kan gonar, inda fili yake ba kowa. Lokacin da iyakokin suke nan ko makaho ya san da wace gona ake. Yanzu sunaye arba'in suna kan tudu, nata shi kaɗai yana tsakiyar ruwa.

Juwairiyya ta kawo mini abincin rana ofis, abin da ba ta saba ba. Ta tsaya a bayana na nuna mata.

"To ka matsar da shi mana," ta ce. "Ba da wannan abin kake jan su ba?"

"In kai shi ina?"

"Tsakanin Jalo da Sha'aban."

"Tsakaninsu ina? In na sa shi nan, wataƙila na shiga gonar Jalo. In na sa shi can, na shiga ta Sha'aban. Ban san faɗinta ba, ban san tsawonta ba."

"Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Kai za ka sani, ita kuma ta rasa gona." Ta ajiye kwanon da ƙarfi. "Malam, shekara ashirin ina jin kana cewa ba ka taɓa jan layin da ba a ba ka awonsa ba. Na ji, na yarda. Wannan ba layi ba ne, suna ne, kuma kai ka sa shi inda bai kamata ba."

Na kama sunan da maus, linzamin kwamfuta, ya biyo hannuna a kan allo. Na kai shi kan tudu, na riƙe shi a can. Sai na ga mutum arba'in za su durƙusa a kan takardar nan gobe suna ganin awon Alhaji ne, alhali ƙiyasin Babayo ne da ya yi don 'yar'uwar matarsa. Na sake shi ya koma inda yake. Na ce wa Juwairiyya ai da bakina zan je, zan yi musu bayani, mutane ne masu hankali. Ta ɗauki mayafinta ta fita ba ta ce mini sai an jima ba. Har yau ban san ko tsoron Allah ne ya hana ni ko girman kai ba. Ina zaton duka biyun ne, kuma ba daidai wa daida ba.

Ranar Alhamis na isa ƙauyen da hantsi. Wannan ne zuwana na farko fadamar da na san kowace kwanarta a allo. Ban gane komai ba. Yashi ne fari har iyakar gani, sai gindin kankare na injin ban-ruwa da guntun magudana guda biyu da suka leƙo. Mutane sun taru a ƙarƙashin darbejiya a bakin gari, maza a tabarmi, mata kaɗan can gefe. Ya Kaltum tana cikinsu da wani jiƙaƙƙen buhu a gabanta. Ta hango ni da naɗaɗɗiyar takarda a hammata, ta yi murmushi. Na kau da kai.

Sarkin Noma, wanda shi ke shugabantar ƙungiyar, dattijo ne mai magana a hankali. Na shimfiɗa taswirar aka danne kusurwoyinta da takalma. Na faɗa masa gaskiya a gaban kowa, cewa iyakokin sun ɓata, sunaye da magudanai ne suka rage. Aka yi ta guna-guni. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya tambaye ni ko zan iya auna daga gindin injin in nuna inda kowane suna ya faɗa a ƙasa. Na ce zan iya. Ya ce to, a kafa sanda a inda sunan kowa ya faɗa, a raba tsakanin sanda da sanda daidai. Wanda sunansa ya faɗa inda ruwa yake gudu yau, kogi ya ci gonarsa, ya yi haƙuri. Kowa ya ce ya yarda. Ni ma ban ga aibun shawarar ba, ita ce mafi adalci da za a iya samu daga rabin takarda.

Muka shiga yashi da tef ɗin awo da igiya. Sakataren ƙungiya yana kiran suna, ina karanta nisa, ana kafa sanda. Kafin azahar sanda talatin da biyar sun tsaya. Mutum biyar sunayensu suka faɗa cikin sabon bakin kogi. Na ga ɗayansu, wani dogon mutum mai suna Adamu Gololo, ya tsaya a bakin ruwan yana kallo, ya ce Allah ne ya bayar, shi ya karɓa. Muka koma inuwa. Sakatare ya ce saura suna ɗaya, ya bi takarda da yatsa har ya same shi.

"Kaltum Zarami Bukar. Wannan ai tun a tsohon kogin ma a ruwa take."

Na miƙe na yi bayani. Na faɗi tsawon sunan, na faɗi sirantar gonar, na faɗi yadda Alhaji ba ya son karkataccen rubutu. Na ce ni na ajiye shi a can don a iya karantawa, gonar tana kan tudu daura da shi. Ina magana ina jin yadda take fita, kamar mai kare kansa a gaban alƙali. Ban rufe baki ba Adamu Gololo ya ce, ba da faɗa ba, "To Malam, nawa sunan ma dogo ne. Ko shi ma matsar da shi ka yi?" Sauran huɗun suka ɗago kai. Wani daga baya ya ce ai matar mai zanen ƙanwarta ce. Kowa kuwa ya ji.

Sarkin Noma ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Malam Babayo, ba wanda ya ce ƙarya kake yi. Kowa a nan ya san Zarami yana da gona. Abin da muke nema shi ne ko ta rage. Ka taɓa zuwa fadamar nan kafin yau?"

"Ban taɓa ba."

"Za ka iya taka mana daga inda ta fara zuwa inda ta ƙare?"

"Ba zan iya ba."

"Za ka iya rantsuwa ba ta cikin abin da kogi ya ci?"

Na rufe ido ina neman hoton allon nan na shekara uku da suka wuce. Ina ganin siririn abu tsakanin manya biyu. Amma ko ya yi nisa cikin tudu, ko ya tsaya a bakin ruwa, na rasa. Gonaki arba'in da ɗaya ne, kuma ni magudanai nake kallo a lokacin. Juwairiyya ta faɗo mini a rai, da 'yan matan nan uku. Na buɗe baki, rantsuwar ta ƙi fita.

"Ba zan iya ba, ranka ya daɗe."

Ya gyaɗa kai. Ya juya ga Jalo da Sha'aban ya tambaye su ko za su rage mata wani abu. Jalo ya ce tasa gonar ma rabi ta koma, baki goma sha ɗaya yake ciyarwa, amma in kowa zai rage shi ma zai rage. Sai aka ce in an rage mata dole a rage wa biyar ɗin, ƙasar kuwa ba ta kai ba. Aka juya maganar aka sake juyawa, ta dawo inda take. Sarkin Noma ya ce in aka buɗe ƙofa ga suna ɗaya, sandunan nan talatin da biyar duk sai an tuge su, kuma ba wata takardar da za a koma wa. Ya ce mutum shida kogi ya ci gonakinsu. Ya ce in Allah ya kawo amfani a tuna da su. Aka shafa fatiha.

Mutane suka watse zuwa sandunansu. Ina naɗe taswirar sai na ji ta ce, "Malam Babayo." Ta matso ta durƙusa a bakin tabarma. Ba ta karatun boko. Ta ce in nuna mata inda take. Na sake buɗe takardar na ɗora yatsa a kan sunan.

"Wannan shuɗin duk ruwa ne?"

"Ruwa ne."

"Kai ka rubuta ni a nan?"

"Ni ne."

"Ka san ruwa ne wurin."

"Na sani, Ya Kaltum. Wurin ne babu kowa, shi ya sa."

Ta daɗe tana kallon wurin. Na so ta zage ni, wallahi na so. Na fara ba ta labarin kwamfutar Alhaji da ranar rabon gado, ta ɗaga hannu kaɗan na yi shiru. Ta jawo buhun nan ta kwance bakinsa. Dashen albasa ne, ɗauri-ɗauri, saiwoyin da danyar ƙasa a jikinsu. A bayan ɗakinta ta yafa irin, ta yi wata guda tana ba shi ruwan rijiya. Da asubar ranar ta tuge shi duka, don na ce mata ta kwantar da hankalinta kuma ban aiko da wata magana ba.

Ta ɗauki buhun ta shiga yashi, na bi ta a baya ban san me zan yi ba. Ta wuce har inda Jalo yake tsaye da igiya a hannu. Ta ce, "Malam Jalo, ga wannan. Ka dasa su kafin la'asar, in suka kwana sun lalace." Jalo bai miƙa hannu ba, ya sunkuyar da kai yana cewa a'a, a'a, Kaltum. Ta zazzage su a hankali a gindin sandarsa, ta gyara waɗanda suka kife don kada rana ta bugi saiwar. Ta kakkaɓe buhun ta ninke shi.

Da ta juyo ta gan ni tsaye da takarda a hannu, sai ta ce, "Motar Azare ta ƙarshe bayan la'asar take tashi. Ka yi sauri kada ka rasa ta. Ka gaishe mini da Juwairiyya."